Gangar da ba a ajiye ta a ƙasa

Dokta Damagaram: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekaranjiya da ake maganar yadda kalangu ke kiran sunan mutum na yi alkawarin ba ku labarin abin da na gani a Kyuba lokacin da nake karatun likita. To ga shi. A maƙwabtan gidan da muka kama haya a Habana, babban birnin ƙasar, akwai wata tsohuwa mai ciwon suga da nake auna wa jini lokaci zuwa lokaci. Wata Asabar bayan azahar sai kiɗa ya tashi a gidanta, ta aiko jikanta ya kira ni. Na je na tsaya daga bakin ƙofa. Maza uku ne zaune kan kujeru, kowa da ganga kwance a cinya. Ƙugunta a tsuke kamar na kalangu, amma baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma da tafin hannu ake bugawa, babu sanda, babu matsa tsarkiya. Babbar suna ce mata iya, kamar dai yadda muke kiran uwa, an zagaye bakunanta da ƙananan ƙararrawa. Ta tsakiya itotele, ƙaramar okonkolo. Sun daɗe suna kiɗa ba mai waƙa ba mai rawa, sun fuskanci wani ɗaki da aka yi wa ado, jama'a na bayansu shiru. Sai da suka gama wannan suka fito falo, mai ba da waƙa ya ɗauka, ana amshi, gida ya cika har titi. Kiɗan bata ke nan, na masu addinin Lukumi, wanda aka fi sani da Santeria.

Abin da ya tsaya mini a rai ba kiɗan ba ne. Tsohuwar nan ta yi watanni ba ta ko leƙa waje tun da ɗanta ya tsallaka Amurka. Amma makon bikin na gan ta tsakiyar mata wajen goma suna firar doya da gyaran kaji, tana ba da umarni kamar uwar biki. Bayan nan kuma kullum akwai mai shigowa ya duba ta. Ni da allurata ban iya yi mata wannan ba.

Malam Na Ƙofar Mata: Wa alaikumus salam. Dokta, da girmanka? Wannan ai bautar gumaka ce tsagwaronta. Me ya kai ka, kuma me ya kawo ta zauren nan?

Dokta Damagaram: Allah ya gafarta Malam, a bakin ƙofa na tsaya, a bakin ƙofa na juya. Ban ci abin da aka yanka ba, ban durƙusa wa komai ba. Maras lafiyata ce ta kira ni. Likitan da bai san abin da maras lafiya ke yi in ya koma gida ba, rabin aiki yake yi.

Malam Na Ƙofar Mata: To na ji. Amma a riƙa faɗin abu da sunansa, kada yara su karanta su ɗauka wasan gargajiya ne kamar tashe.

Zainabu Ɗaliba: Malam, a wannan kam su kansu masu abin suna bayanka. Ba su yarda wasa ne ba. Sun raba gangunan kashi biyu. Akwai wadda aka yi wa tsafi, suna ce mata fundamento, sun yi imani a cikinta akwai wani abin bauta mai suna Añá. Ita ba a ajiye ta a ƙasa, rataye ta ake yi, ana yi mata yanka, kuma ba mai buga ta sai namijin da aka rantsar. Saitin ganguna sabo ma ba ya zama fundamento sai wani tsohon saiti ya "haife" shi, saboda haka gangunan suna da salsala kamar mutane. Sai kuma aberikula, wadda siffarta ɗaya da waccan amma ba komai a cikinta. Ita ake koyo da ita, ita ake hawa dandamali da ita. Abin da Dokta ya ji da farko, kiɗa ba waƙa, shi suke kira oru seco. Kowane orisha, wato abin bautarsu, da takensa, ana bin su ɗaya bayan ɗaya a jere, kuma da taken wanda suke kira Elegua ake buɗewa.

Ɗan Sabon Badun: Ikon Allah. Ni da na tashi a Sabo ta Badun na san bata tun ina yaro, ta Yarbawa ce masu bautar Shango, abin bautarsu na tsawa, da masu egungun, wato dodon kakanni. Amma tamu ta nan a tsaye ake kiɗa ta, rataye a kafaɗa, ƙaramin bakin kuma da wani ɓallin fata ake dukansa, ba da hannu ba. Añá ɗin nan da kika faɗa ai Ayan ne, abin bautar makaɗan Yarbawa. Duk Bayaraben da ka ji sunansa ya fara da Ayan, gidan makaɗa ya fito. Yaya aka yi ta je can har ta zauna a cinya?

Baban Khalifa: Yadda ta je kam tarihin ya taɓa mu, ko ba mu so. Tsohon birnin Oyo, wanda Hausawa ke kira Katunga, shi ne cibiyar bautar Shango. A 1817 Afonja, sarkin yaƙin Oyo, ya yi wa Alafin, wato sarkin Oyo, tawaye daga Ilori, ya haɗa kai da Shehu Alimi, bayin Hausawa da ke ƙasar Oyo suka gudo suka shiga rundunarsa. Daga nan daular ta fara rugujewa, yaƙe-yaƙe suka ɓarke a ƙasar Yarbawa shekaru da dama, kamammun yaƙi kuma aka riƙa kai su bakin teku. Daidai lokacin ne gonakin rake na Kyuba ke haɗiye mutane kamar rijiya, musamman wajen lardin Matanzas. An sauke 'yan Afirka sama da dubu 700 a tsibirin nan, mafi yawansu a ƙarni na 19, kuma ba a soke bauta a can ba sai 1886. Shi ya sa abin bai yi nisa da asalinsa ba: a farkon ƙarni na 20 akwai tsofaffi a Habana da aka haifa a Afirka.

Zainabu Ɗaliba: Na gode Baba. Kuma Fernando Ortiz, wani masani ɗan Kyuba, ya rubuta, daga bakin makaɗan da ya yi hira da su, cewa wajajen 1830 ne wasu mutum biyu, Añabi da Atanda, suka sassaƙa saitin fundamento na farko a Habana. To a kan Ortiz ɗin nan nake so mu ɗan tsaya, domin shi ne ya hana ni barci a karatuna. Duk wanda zai yi rubutu kan kiɗan baƙaƙen Kyuba sai ya bi ta kansa. Littafinsa kan kayan kiɗansu mujalladi biyar ne, ya fito tsakanin 1952 da 1955. Amma littafinsa na farko, na 1906, sunansa Los negros brujos, wato baƙaƙen matsafa, kuma a matsayin masanin laifuffuka ya rubuta shi, da wasiƙar yabo daga Lombroso, Ba'italiyen nan mai cewa ana gane mai laifi daga ƙirar jikinsa. A shekarun nan jaridu na yaɗa cewa baƙaƙe na satar 'ya'yan farare don tsafi, 'yan sanda na kutsawa gidaje suna kwashe ganguna. Mutumin da ya ba wa wannan farauta rigar ilimi, shi ne kuma a 1936 ya fito da bata gaban jama'a karo na farko a wata lacca, makaɗin bata Pablo Roche da mutanensa suka kaɗa. To yabonsa za a yi ko zarginsa?

Baban Khalifa: Mutum ne ya gane kurensa ya gyara. Shekara talatin yana zama da makaɗan nan, dole su canza shi. Malamai nawa kika sani da suka taɓa janye maganarsu?

Zainabu Ɗaliba: Ban ƙi ba. Amma dubi sunan da ya rage. Ko'ina Ortiz, Ortiz. Pablo Roche fa, wanda ilimin yake a hannunsa? Sai wanda ya nutsa cikin fannin ya san shi.

'Yar Sarkin Kiɗa: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ku yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Mahaifina makaɗin kalangu ne, na mahauta, Allah ya jiƙansa. Ina ƙarama wani mai bincike ya yi ta zuwa gidanmu kusan damina guda da rakodarsa. Baba ya kaɗa masa take fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na Sarkin Fawa, na 'yan dambe, na gidajen da yanzu ko mai sunan babu. Yana kaɗawa yana fassara masa abin da kalangun ke cewa. An ba shi goro da ɗan abin sayen sabulu, an yi hoto. Har Baba ya rasu ba mu ga ko kaset ɗaya ba. Yau ƙanena yana son ya koyi taken kakanmu, ba wanda ya rage da ya iya. Yana nan cikin wata ma'ajiya a wata ƙasa, mu kuwa ko hanyar ba mu sani ba.

Ɗan Sabon Badun: Allah ya jiƙan Baba. Wannan ta yi ciwo.

Malam Na Ƙofar Mata: Allah ya gafarta masa. Wannan zalunci ne ko a shari'a, cin amana ne. Kiɗa daban, haƙƙin mutum daban.

Zainabu Ɗaliba: Yaya, kada ki fid da rai. A Kyuba ma an yi irin haka. Wata mai bincike, Lydia Cabrera, da ƙawarta Josefina Tarafa sun ɗauki sautin bukukuwa a ƙauyukan Matanzas a ƙarshen shekarun 1950. Cabrera ta bar ƙasar a 1960, ta rasu a Miami a 1991, kuma sai farkon shekarun 2000 cibiyar Smithsonian da ke Amurka ta fitar da sautukan a faifai kowa ya ji. Shekara arba'in da ɗoriya. In kin tuna sunan mutumin da shekarar, turo mini ta gefe, ma'ajiyoyi da yawa yanzu sun sa jerin abin da ke hannunsu a intanet. Ita Cabrera, a yi mata adalci, a littafinta El Monte na 1954 ta bar tsofaffin suna magana da bakinsu, ba ta tsaya tana yi musu hukunci ba.

Alhaji Kumasi Zongo: Salamu alaikum, na shigo a makare. Ni ma na yi Kyuba, amma kafin Dokta da nisa. Ina cikin yaran Ghana da aka kai makaranta a tsibirin Isla de la Juventud zamanin Rawlings. A lokacinmu ba ka ganin abin da Dokta ya gani a fili. Gwamnati ba ta yarda da addini ba, kowane iri. Amma bata kam mun gan ta, a dandamali, da 'yan rawa sanye da ja da fari na Shango, shuɗi da fari na Yemaya, orishar teku. Ƙungiyar gwamnati ce, Conjunto Folklorico Nacional, da aka kafa a 1962. Malamanmu suna ce mana wannan al'ada ce ta talakawa, camfin da ke ciki zai mutu da kansa in ilimi ya yaɗu. To makaɗan da ke kan dandamalin nan, da yawansu rantsattsu ne. Su kaɗa wa gwamnati su karɓi albashi, su koma unguwa su kaɗa wa abin bautarsu. Sai a 1991 jam'iyyar kwaminis mai mulki ta yarda mai addini ya zama ɗanta, a 1992 aka gyara tsarin mulki. Camfin bai mutu ba, Tarayyar Sobiyet ce ta mutu.

Baban Khalifa: Alhaji ka kashe ni da dariya.

Dokta Damagaram: Alhaji ya kawo mu inda nake so. Bayan faɗuwar Sobiyet, wadda ke tallafa wa Kyuba, yunwa ta shiga ƙasar, kuma a nan aka ga amfanin gidajen nan. Tsarinsu na ubangida da yara ne: wanda ya shigar da kai shi ne padrino, mace madrina, duk waɗanda ya shigar kuma 'yan'uwanka ne har mutuwa. Ranar biki ana dafa abinci mai yawa, makaɗa su ci nasu a teburi na musamman, a biya su haƙƙinsu da suke kira derecho, kowa ya tafi da ƙunshi. Wanda ya kwanta asibiti akwai mai jinya, wanda ya mutu akwai masu binne shi. Abin ya samo asali tun zamanin bauta, daga ƙungiyoyin da ake kira cabildo, inda 'yan ƙabila ɗaya ke tara kuɗi kamar adashi, su yi jana'iza, su taimaki wani ya fanshi kansa. Gangar ita ce ke tara su. Ba don ita ba, kowa yana ɗakinsa da damuwarsa.

Maman Ilham: Dokta, ka yi haƙuri zan ɗan taka maka birki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 19. Irin wannan yabon nake jin tsoro. A nan gida mun ga mace da farfaɗiya ko taɓin hankali bayan haihuwa an kai ta gidan bori, an yi girka, an sayar da akuya da gado, sai ta galabaita a kawo mana. Kada ka ce mini can ba a yi.

Dokta Damagaram: Ana yi, Hajiya, ba zan ɓoye ba. Na ga wanda ya zo da ƙafa ta ruɓe saboda ya tsaya wanka da ganye. Kuma shiga addinin tsada gare shi, musamman da baƙi daga Turai da Amurka suka fara zuwa da dala, farashi ya tashi, talakan unguwa ya koma ɗan kallo a abin kakanninsa. Akwai 'yan damfara sosai. Bambancin da na gani ɗaya ne: can likita kyauta ne, kuma tun 1984 suka fara tsarin likitan iyali, kowace unguwa da ɗan ɗakin shan maganinta. Saboda haka mafi yawan waɗanda na sani biyu suke haɗawa. Sau da yawa maras lafiya zai ce mini padrino ne ya ce ya zo a duba cikinsa. Ban taɓa cewa ganga na sauke suga ba. Na ce ta fito da tsohuwa daga ɗaki, ta kawo mata masu tuna mata shan magani.

Maman Ilham: To wannan na yarda da shi. Kaɗaici kam yana kashe tsofaffi, muna gani. Amma ai zumunci ne maganin, ba gangar ba. Mu ma muna da suna da biki da Islamiyya.

Zainabu Ɗaliba: Hajiya, shi ne abin da Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya gwada a asibitin Aro da ke Abeokuta tun 1954. Ya sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, magani na asibiti na tafiya. Bai ce tsafi gaskiya ne ba. Ya lura ne cewa mutum ya fi saurin dawowa hayyacinsa a cikin mutanen da yake jin harshensu.

Ɗan Sabon Badun: Tunda an ambaci bori, wani abu ya ba ni mamaki. Na ji an ce su ma 'yan Kyuba doki suke kiran wanda abin ya hau?

Dokta Damagaram: Ƙwarai, caballo, doki ke nan da Sifaniyanci, kuma "hawa" suke cewa. Ranar da na fara ji sai da tsigar jikina ta tashi.

Zainabu Ɗaliba: Amma a yi hattara, kada gobe wani ya rubuta a Facebook cewa Santeria daga bori ta fito. Yarbawa ma da kalmar hawa suke faɗin abin, daga wurinsu ta je. Inda bori ya yi tafiya da gaske arewa ne, ta Sahara: stambeli, wato borin Tunisiya, har yau akwai kalmomin Hausa a waƙoƙinsu. Kama da wane ba ta wane.

Baban Khalifa: Ni tambayata kan maganar gangar ce. Bata ta Oyo magana take yi, Bayarabe ya ji ya fassara. Ta Kyuba fa, tunda Sifaniyanci suke yi?

Zainabu Ɗaliba: Nan ma masana sun yi ta kai ruwa rana. Harshen Lukumi, wato Yarbancin da ya je Kyuba, ya rage a waƙa da addu'a, ba a cinikin kasuwa da shi, kuma karin sautin Yarbanci ya zube. Makaɗan Kyuba za su ce maka iya na magana, tana kira itotele na amsawa, kuma gaskiya ne akwai wannan kira da amsa, shi ne daɗin kiɗan ma. Amma ba sa ƙirƙirar sabuwar jimla nan take yadda makaɗin Oyo zai hango ka ya kira sunan kakanka. Wata mai binciken kiɗa, Amanda Villepastour, ta yi aiki a ɓangarorin biyu, Nijeriya da Kyuba, ita ma makaɗan Yarbawa ne suka koya mata yadda suke mayar da magana bugu.

'Yar Sarkin Kiɗa: Kamar ƙanena ke nan. Hannunsa ya iya wasu take, kunnensa bai san me suke cewa ba. Baba kan ce wanda bai san maganar ba, fata kawai yake duka. Amma ni in na ji yaron yana kaɗawa sai in yi kuka, ko da bai san me yake faɗa ba, ni na sani.

Maman Ilham: Ke fa, ba ki koya ba?

'Yar Sarkin Kiɗa: Hajiya, mace da kalangu a gidanmu? Ko taɓawa aka ga na yi sai an yi mini faɗa. Kiɗan ƙwarya dai da shantu. Amma duk taken suna kaina, da baki nake rera wa yaron yana nema da sanda.

Zainabu Ɗaliba: To kin ga can ma haka ne, mace ba ta buga fundamento. A farkon shekarun 1990 wasu mata daga ƙungiyar da Alhaji ya ambata suka kafa tasu, Obini Bata, suna buga aberikula a dandamali, an yi ta surutu. Yaya, abin da ke kanki nan shi ne ma'ajiyar, ki ɗauke shi a waya tun yau, ki faɗi take ki faɗi mai shi.

Malam Na Ƙofar Mata: Ni dai matsayina kan bautar wanin Allah bai motsa ba, kuma Dokta ka yi istigfari ko don tsigar jikin nan da ta tashi. Amma ke 'yar Sarkin Kiɗa, in za ki ɗauka ki haɗa da na Sarkin Fawan Ƙofar Mata na da, kakan matata ne. An ce yana da take, ba wanda ya iya faɗa mana shi.

Alhaji Kumasi Zongo: Af, Malam ma ashe yana da buƙata a gidan makaɗa!

Malam Na Ƙofar Mata: Alhaji, tarihi nake nema, ba rawa ba.

'Yar Sarkin Kiɗa: Allah ya gafarta Malam, mu ba 'yan birni ba ne, ban yi alkawari ba. Amma akwai ƙanen Baba da ya yi zaman Kano, yana da rai, sai dai kunnensa ya yi nauyi. Juma'a zan je ƙauye. Turo mini sunan Sarkin Fawan da na mahaifinsa, da sunan da mahauta ke kiransa in kun sani, domin da shi ake kaɗa take.